Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Filash: Ta Ina Za a Shiga?

Assalamu alaikum, jama'a. Kwamfutar nan da ke kan tebur ta haura shekara 20. Kun ga na soka mata filash mai ɗauke da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta irin Windows, na kunna, ta yi kunnen uwar shegu da shi. A nan ne mutane ke yanke mata hukuncin mutuwa, alhali lafiyarta lau. BIOS ɗinta ne, wato 'yar manhajar da ke fara farkawa kafin komai, bai san tashi daga filash ba. Abin da ya sani fulofi ne, da rumbun ajiya na ciki, sai faifan CD, wanda tsarin El Torito na 1995 ya ba shi ikon tayar da kwamfuta.

Kafin ku wahalar da kanku, ku leƙa BIOS ɗin. Wani BIOS ɗin yana da zaɓin tashi daga filash mai suna USB-HDD a ɓoye, sai dai ba ya gane filash ɗin da aka tsara da sabon tsarin raba ajiya na GPT, sai tsohon tsarin, MBR. In kuma kun gyara saiti, kun kashe, kun kunna ya manta, batirin nan mai kama da kwabo ne ya mutu, CR2032.

In babu zaɓin kwata-kwata, sai a yi mata dabara. Ku ƙona Plop Boot Manager, wata manhajar zaɓen inda kwamfuta za ta tashi, a CD, ko ku sa shi a fulofi, don ƙarami ne. Ta tashi daga faifan da ta sani, shi kuma ya miƙa ta ga filash. Amma ku nemi kibod mai zagayayyen baki, PS/2. Ni da kaina na taɓa ɓata rabin yini ina danna kibod ɗin USB, ashe Plop ne ya ƙwace masa hanya.

Akwai tashi ta wayar da ke haɗa kwamfutoci, wato PXE, amma sai da kwamfuta ta biyu da haƙuri, mu bar shi sai wani zama. Ni na fi son a kwance rumbun a kai shi wata kwamfutar, a sa Linux, a dawo da shi. Linux ba ya damuwa da sauyin gida. Windows XP kuwa sau da yawa shuɗin allo zai nuna muku.

Sai zaɓen manhajar kanta. Yawancin waɗannan injina masu bit 32 ne, kuma Debian 13 na 2025, wani nau'in Linux, ya daina fitar musu da faifan sakawa, don haka ku koma Debian 12 ko antiX, shi ma nau'in Linux ne. In mai furosesa Pentium M ce ta yi ƙorafin rashin PAE, wata hanyar amfani da RAM, ku ƙara kalmar forcepae a layin tashi.

To, ɗan'uwa na gaba, miƙo min faifan nan mu gwada.