Jawabin maraba daga kwamitin mawaƙan Wusasa ga babban baƙonmu

Mai girma babban baƙo, Yallaɓai, ranka ya daɗe. Iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, limaman coci-cocinmu, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata na zumunta, matasa, da maƙwabtanmu Musulmi da suka zo taya mu tarbar baƙo kamar yadda aka saba a garin nan, salama a gare ku duka.

Yallaɓai barka da zuwa, barka da hanya. Ba sai mun tsaya karanto tarihinka ba, kowa a rumfar nan ya san ko kai wane ne kuma ya san aikinka, in muka ce sai mun lissafa to rana za ta faɗi shinkafar da mata suka dafa ta huce. Zuwanka da ƙafarka kaɗai ya ishe mu alfahari, don da ka ga dama wakili za ka aiko.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi Yallaɓai, don haka bari mu faɗi abin da ya hana kwamitin nan barci tun kafin mu shiga tarihi. Mota muke nema. Mawaƙanmu sun haye zagayen shiyya, sun samu gurbi a gasar ƙungiyoyin mawaƙa ta ƙasa da za a yi a Abuja wata mai zuwa, mun haura mutum 40 in aka haɗa da makaɗa da iyaye biyu masu lura da 'yan mata, kuma har yanzu da muke tsaye a nan ba mu da abin da zai kai mu ko Kwangila balle Abuja. Za mu dawo kan wannan maganar.

Mu dai a nan kwaya muke ce wa ƙungiyar, kwaya ta waƙa fa Yallaɓai ba ƙwaya ta hukumar NDLEA ba, gara mu fayyace tunda da jami'an tsaro ka zo. Kuma waƙa a Wusasa ba jiya aka fara ta ba. Dokta Miller, Baturen mishan, ya shigo ƙasar Hausa a 1900 tare da ayarin Bishop Tugwell, suka je Kano aka sallamo su, ya zauna Girku, a 1905 ya samu shiga cikin birnin Zazzau. Daga baya zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, suka taru a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda Allah ya bari suka dawo Zariya. A 1929 mishan ta fito daga cikin ganuwa ta dawo nan gindin dutsen Kufena, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa irin ginin Hausa sak, magina na gida, ga ta can har yau tana tsaye, in ka shiga ka ɗaga murya sai ka ji bangon ya amshe ta ya dawo maka da ita a hankali ba tare da lasifika ba. A cikin wannan ɗakin kakanninmu suka koyi rera waƙa murya huɗu. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda aka daɗe ana karantawa daga Jos har Maraɗi, da hannun mutanenmu a cikin fassararsa.

Kuma ɗan garin nan da ka gani ba ƙaramin abu ya ba Najeriya ba. Dokta R.A.B. Dikko likitan farko ɗan Arewa namu ne. Farfesa Ishaya Audu da ya riƙe jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975 ya kuma zama ministan harkokin waje a mulkin Shagari namu ne. Janar Yakubu Gowon nan ya tashi nan ya yi firamare kafin ya wuce Barewa. Asibitin St. Luke kuwa a tambayi tsofaffin birni da na Tudun Wada mutum nawa aka haifa a ciki, Musulmi da Kirista. To amma abin da ke ci mana rai, duk wannan tarihin sai ranar biki ake tuna shi, a zo a ɗauki hoto a jikin tsohuwar majami'a a ce kai Wusasa akwai tarihi, a shiga mota a tafi, mu a bar mu da ƙura.

Wani abin da ya fi wannan ciwo ma shi ne, duk inda muka je waƙa sai an tambaye mu wai a ina muka koyi Hausa haka tiryan-tiryan. A ina muka koya? A bayan uwa muka koya mana. 'Yan kudu na mamaki wai akwai Bahaushe Kirista, wasu 'yan uwanmu na Arewa ma haka, har a zagayen shiyya sai da wani ya ce wa shugabar masu siririyar murya ta faɗi asalin yarenta, ta ce Hausa, ya ce a'a na gida yake nufi. Ta dawo mota tana hawaye. Wannan na cikin dalilin da ya sa muka ƙudura sai mun tsaya a dandamalin Abuja mun rera da Hausar Zazzau kowa ya ji da kunnensa.

Bari mu ɗan bayyana maka yadda gasar take don ka san ba wasan yara ba ne. Waƙa biyu ake yi, akwai wadda alƙalai suka ɗora wa kowa dole, sai kuma ta zaɓi da harshen gida. Ta dolen da Turanci take, rubuce da do re mi, kuma yawancin mutanenmu ba makarantar kiɗa suka yi ba, akwai tela, akwai nas, akwai malaman firamare, akwai ɗan acaɓa, akwai mai sayar da awara, sai an tashi aiki da yamma ake haɗuwa a rubuta a allo da alli a yi ta maimaitawa, sofirano a wannan kusurwa, alto a waccan, tena a ƙarƙashin bishiya, bes kuwa mu kan tura su nesa don in suka fara ba mai jin kansa. Alƙalai na duba haɗuwar murya, fitar kalmomi, numfashi, yadda aka shiga aka fita, kayan da aka sa, har minti nawa aka ɗauka, in ka wuce lokaci a zaftare maka maki. Waɗanda za mu kara da su kuma wasu daga Legas suke inda ake da makarantar kiɗa ta MUSON, wasu daga Inugu da Kalaba inda yaro ke tashi da ogan a coci, ba mu raina su ba ko kaɗan.

Amma a waƙar zaɓi nan ne muke da abin faɗa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuka na hawaye daban kuka ta miya daban, muryar ce kawai ke raba su, shi ya sa da yawan tsofaffin waƙoƙin da aka ɗora wa karin Turawa in ka saurara da kyau sai ka ji kalma ta karkace, ma'ana ta tafi wani wuri. Malamin waƙarmu ya zauna wata da watanni yana bin kowace gaɓa don karin ya bi maganar ba maganar ta bi karin ba, aka sa tulu irin na zumuntar mata da kalangu da caki, mai bayarwa ta bayar sauran su amsa kamar yadda ake yi a dandali. Ranar shiyya da muka kai amshi na uku mutanen da ba su jin ko zo na Hausa sai ga su a tsaye. Da wannan muka haye.

To Yallaɓai mun dawo kan mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin shata ya fi ƙarfin talaka, kai ma ka sani. Mun yi baiko na musamman Lahadi uku a jere, mata sun sayar da zoɓo da kunun aya, matasa sun yi kwadagon gona, abin da aka tara ko homa ɗaya mai kujera 18 ba zai kai ya dawo da ita ba, mu kuma irinta uku muke buƙata ko kosta ɗaya da ƙaramar bas. Wani ya ce mu hau jirgin ƙasa, to jirgin daga Rigasa yake tashi, wa zai kai mu Kadunan, in mun sauka tashar Idu a Abuja wa zai kwashe mu da ganguna? Kuma ba ma son tafiyar dare a hanyar nan da 'ya'yan mutane, iyaye sun ce in ba mota mai lafiya da direban da aka sani ba to 'ya'yansu ba inda za su. Ba mu ga laifinsu ba.

Ba za mu ɓoye maka ba an taɓa yi mana alkawari irin wannan. Wani babba, ba za mu kama suna ba, ya tsaya a daidai inda kake zaune ya ce mu ɗauka an gama, muka yi guɗa muka rera masa waƙa har biyu, ranar tafiya muka fito da asuba da jakunkuna muka zauna bakin titi har azahar wayarsa a kashe. Gurbinmu aka ba wasu a shekarar. Wasu daga cikin mawaƙanmu tun ranar ba su sake dawowa koyo ba. Mun san kai ba haka kake ba shi ya sa muka faɗa a gabanka.

Akwai sauran ƙananan buƙatu, kibod ɗinmu maɓalli biyu sun mutu, janareta sai an yi ta lallashi, rufin ɗakin koyo na yoyo da damina, yadin anko ma rabi muka biya. Duk mun rubuta su a takardar da sakatare zai miƙa maka, in hali ya yi alhamdu lillahi, in bai yi ba za mu lallaɓa, da tsohon anko ma ai ana waƙa. Amma motar nan Yallaɓai, ita ce ba mu da dabararta. Ko aro ne, kwana uku kacal, da mai da direba, a kai mu a dawo da mu. Masu shirya gasar na jiran mu tabbatar musu da zuwanmu kafin ƙarshen makon nan, don haka in da hali muna roƙo mu ji daga bakinka yau kafin ka tashi, sakatare na nan da biro.

Allah ya ƙara girma, ya kare ka a hanya, ya maida kai gida lafiya. Yanzu mawaƙa za su tashi su rera maka waƙar zaɓin da muke son kaiwa Abuja.

Kwamitin shirye-shirye, a madadin mawaƙan Wusasa da kewaye.