Uwa ko Karen Daji? Yadda Bakin Jama'a Ya Kai Lindy Chamberlain Kurkuku

[A allo: jan dutsen Uluru daga nesa, rana ta kusa faɗuwa]

Masu kallo, assalamu alaikum.

Yau tsakiyar ƙasar Ostireliya muka nufa, cikin hamada, gindin wani jan dutse da ake kira Uluru, wanda Turawa a da suke ce wa Ayers Rock. Tsayinsa mita 348. Kafin ka ga gari mai sunan gari, wato Alice Springs, sai ka ci kilomita kusan 450 a mota. A gindin wannan dutse ne, daren Lahadi 17 ga Agusta 1980, wata jaririya 'yar mako tara mai suna Azaria ta ɓace daga cikin tanti. Har yau ko ƙashinta ba a gani ba.

Uwar ta faɗi abin da ya faru tun a daren. Sai da ƙasar ta yi shekara 32 kafin ta rubuta maganarta a takarda. A tsakani kuwa ta sha ɗaurin fiye da shekara uku, bisa tuhumar ita ta yanka 'yarta.

Ga yadda daren ya kasance. Michael Chamberlain fasto ne daga garin Mount Isa. Ya zo hutu da matarsa Lindy, da 'ya'yansu maza biyu, da jaririyar. A can watan Agusta lokacin sanyi ne, kuma sanyin hamada da dare ba wasa. Suna wurin girki na sansanin masu yawon buɗe ido, ana hira da wasu iyali da suka haɗu da su a nan. Jaririya ta yi barci, Lindy ta kai ta tanti ta kwantar, ta biya mota ta ɗauko wa babban yaronta gwangwanin wake domin ya ce yunwa yake ji, ta dawo cikin mutane. Ba a jima ba aka ji kukan jariri. Ta nufi tantin, sai ta hangi dingo yana fitowa daga ciki yana girgiza kai. Ta leƙa, shimfiɗa wayam. Ta kurma ihu cewa dingo ya ɗauke mata 'ya.

Dingo karen daji ne na Ostireliya, ja-ja, nauyinsa wajen kilo 15. Ba shi da haushi sosai, sanɗa ce sana'arsa.

Mutum kusan 300 suka bazu cikin duhu da tocila. An ga jini a cikin tantin. Masu bin sawu daga 'yan asalin wurin, mutanen Anangu, suka duƙa kan rairayi suka karanta shi: sawun dingo ya bar tantin, da alamar yana jan wani abu, kuma akwai inda ya ajiye abin ya huta, har zanen saƙar tufa ya fito a kan rairayin. Shugaban masu gadin dajin, Derek Roff, bai yi mamaki ba. Ya daɗe yana rubuta wa na sama da shi cewa karnukan nan sun saba da abincin baƙi, sun daina tsoron mutum, kuma wata rana za a yi abin da ba a so. Matar da suke hira da ita a wurin girki ta ce da kunnenta ta ji kukan jaririyar bayan Lindy ta riga ta dawo ta tsaya tare da su.

Ku riƙe wannan, domin nan ne gaɓar labarin: ganau, waɗanda ƙafarsu ke wurin a daren, kusan bakinsu ɗaya. Jiyau ne suka ƙi yarda.

[A allo: kanun jaridun 1980 da 1981]

Yawancin mutanen Ostireliya a biranen bakin teku suke zaune, Sydney da Melbourne da makamantansu, dubban kilomita daga Uluru. Da yawansu ba su taɓa ganin dingo ba sai a gidan ajiye namun daji. A saninsu dabba ce mai gudun mutane. Suka ce ina aka taɓa ji? Kuma ga babu gawa, babu hoto, babu wanda ya ga jaririyar a bakin karen. Inda aka bar gurbi irin wannan, kowa sai ya cusa nasa labarin.

Bayan mako guda wani ɗan yawon buɗe ido ya tsinci kayan jaririyar, kilomita kusan huɗu daga sansanin, kusa da ramukan dingo: riga mai haɗe da wando jina-jina a wuya, 'yar shimi, da kunzugu. Ɗan sandan da ya fara zuwa ya ɗaga kayan ya juya su kafin a ɗauki hoto. Daga nan magana ta fita cewa a ninke aka same su tsaf, kuma kare ba ya ninke kaya. Lindy ta ce akwai abu ɗaya da ba a gani ba, wata 'yar farar rigar sanyi ta saƙa da ta ɗora mata a sama. Ku riƙe wannan rigar ma.

Sai tsegumi ya koma kan addininsu. 'Yan cocin Adventist ne, masu ibada ranar Asabar, tsiraru da yawancin jama'a ba su san komai a kansu ba. Shekara biyu kacal kafin nan, a 1978, mutum fiye da 900 mabiya wani shugaban ƙungiyar addini suka mutu a Jonestown ta ƙasar Guyana, saboda haka duk wata ɗariƙa da ba a saba da ita ba, kallon tsafi ake yi mata. Aka ce ai ma'anar sunan Azaria "hadaya a jeji". Ƙarya ce, sunan Ibrananci ne da ke nuni ga taimakon Ubangiji. Aka ce an taɓa ganin jaririyar cikin baƙar riga. Aka ce akwai ƙaramin akwatin gawa a gidansu. Akwatin kam akwai shi: faston yana kai shi wurin wa'azin hana shan taba, mutane su jefa kwalin sigarinsu a ciki. Kowace magana da ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta, sai a ɗora mata gini.

Amma abin da ya fi cin Lindy shi ne fuskarta. Ba ta yi kukan da masu kallon talabijin suke jira ba. Tana amsa tambaya a natse, ido a bushe, har takan yi bayanin yadda dingo ke sarrafa abin da ya kama. Mijinta kuma ya yi ta cewa sun miƙa lamarin ga Ubangiji. A wajenmu, uwar da ta rasa ɗa ta danne zuciyarta ta ce wanda ya bayar shi ya karɓa, yaba mata za a yi, a ce ta yi tawakkali. A can sai aka karanta haƙurin a matsayin shaidar kisa. Aka buga riguna masu rubutun cewa dingo ba shi da laifi. Aka mai da mutuwar jaririya abin barkwanci a mashaya. Duk wannan fa babu Facebook, babu TikTok, babu wayar hannu. Jarida da talabijin da bakin mutane sun wadatar.

[A allo: ginin kotun Alice Springs]

Binciken farko ya wanke iyayen. Ranar 20 ga Fabrairu 1981, alƙali mai binciken musabbabin mutuwa, Denis Barritt, ya ce dingo ne. Da gangan ya bari aka watsa hukuncin kai tsaye a talabijin, abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar, domin ya kashe jita-jitar. Ya kuma caccaki yadda 'yan sanda suka yi aikinsu. A ganina wannan caccakar ce ta ƙara hura wutar, domin hukumar da aka kunyata a gaban duniya ba ta cika komawa gida ta zauna ba.

A Satumba 1981, wata 13 bayan ɓatan yarinyar, 'yan sanda suka dira gidan iyalin suka tafi da motarsu, wata Holden Torana ruwan ɗorawa. Aka soke hukuncin farko, aka sake bincike, aka tura su gaban shari'a a Darwin.

Ga labarin masu gabatar da ƙara. A cikin mintunan da ba su wuce goma ba da Lindy ta bar wurin girki, wai ta shiga kujerar gaba ta motar, ta yanke wuyan jaririyar da almakashi, ta cusa gawar cikin jakar kyamara, ta goge jikinta, ta ɗauko gwangwanin wake, ta dawo tana hira, ga yaronta ɗan shekara shida a kusa. Babu gawa, babu makamin da aka tabbatar, kuma su da kansu ba su kawo dalilin da zai sa ta yi hakan ba. Abin da suka riƙe shi ne ƙwararru. Wata mai gwajin jini, Joy Kuhl, ta ce ta samu jinin jariri a cikin motar, har da feshinsa a ƙarƙashin allon gaban mota. Wani farfesa daga Landan, James Cameron, ya ce ya ga shatin hannun mutum na jini a jikin rigar. Aka ce babu yawun kare a rigar. Lindy ta ce to ai rigar sanyin ce a sama, ita ta tare. Masu ƙara suka ce wannan riga ƙirƙirarta ta yi, ba a taɓa yin ta ba.

Masu bin sawun kuwa, waɗanda suka karanta rairayin a daren, ba a kira su gaban masu taya alƙali yanke hukunci ba.

Ranar 29 ga Oktoba 1982 aka yanke mata ɗaurin rai da rai, tana da tsohon ciki. Mijin ya samu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 18. A tsare ta haifi 'ya mace a watan Nuwamba, daga baya aka raba su. Ɗaukaka ƙara ta faɗi a 1983, ta sake faɗuwa a kotun ƙoli a 1984, alƙalai uku suka rinjayi biyu.

[A allo: hoton 'yar rigar saƙa, ta yi datti da jar ƙasa]

Abin da ya buɗe ƙofar kurkukun ba lauya ba ne. A farkon 1986 wani Bature ɗan Ingila ya faɗo daga kan dutsen ya mutu. Ana neman ragowar gawarsa a wurin da ramukan dingo suke, ranar 2 ga Fabrairu, sai aka ga wata 'yar tufa rabinta a binne cikin ƙasa. Rigar sanyin ce, wadda aka ce babu ita. Bayan kwana biyar aka saki Lindy.

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Trevor Morling, kuma a nan ne hujjojin ƙwararrun suka wargaje ɗaya bayan ɗaya. Feshin da aka ce jinin jijiyar wuya ne, ashe wani sinadari ne da kamfanin motar ke fesawa don rage ƙara. Wani masanin kimiyya mai goyon bayan iyalin ne ya bi motoci irin wannan ɗaya-ɗaya, ya tarar da feshi iri guda a wuri guda. Gwajin farko da aka yi amfani da shi yana iya nuna alamar jini idan ya haɗu da ƙurar jan ƙarfe, kuma Mount Isa, inda motar ta zauna, garin haƙar jan ƙarfe ne. Shatin hannun farfesan Landan, yawancinsa jar ƙasar hamada ce. Ainihin farantan gwajin jinin ma an riga an zubar da su, babu damar wani ya sake dubawa. A wannan karon an saurari masu bin sawu.

Abin da nake so mu lura da shi, ba lallai ne waɗannan ƙwararru sun zauna sun shirya ƙarya ba. Sun shiga ɗakin gwaji ne bayan ƙasa gaba ɗaya ta gama yanke hukunci a teburin cin abinci, sai suka ga abin da aka ce su nema. Su ma masu taya alƙali hukunci shekara biyu suka yi suna jin labarin hadaya da baƙar riga kafin su zauna a kan kujerun. Ta haka maganar bakin titi ta sa farar rigar likita ta shiga kotu.

Ranar 15 ga Satumba 1988 kotu ta soke hukuncin da aka yi musu. A 1992 aka biya su diyyar dalar Ostireliya miliyan 1.3. Auren dai bai kai nan ba, sun rabu a 1991. Kuma ko a lokacin ba a yarda an ce dingo ne ba: bincike na uku a 1995 cewa ya yi ba a san musabbabin mutuwar ba. Wato ba ke kika kashe ta ba, amma ba mu ce gaskiya kika faɗa ba.

Karnukan ne da kansu suka kawo sauran shaidar. A tsibirin Fraser, wanda yanzu ake kira K'gari, aka yi ta samun dingo na kai wa yara hari, har a Afrilu 2001 suka kashe wani yaro ɗan shekara tara. Da irin waɗannan bayanai iyalin suka nemi a sake zama. Ranar 12 ga Yuni 2012, a Darwin, mai bincike Elizabeth Morris ta yanke cewa dingo ne ya ɗauki Azaria ya kashe ta, ta yi wa iyayen ta'aziyya, aka gyara takardar shaidar mutuwar aka miƙa musu a ranar. Michael Chamberlain ya rasu a Janairu 2017. Wasiƙu kusan 20,000 da jama'a suka aika wa Lindy, na masu ba ta haƙuri da na masu tsine mata, suna ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Canberra, inda masu bincike ke zuwa karanta su.