Sharhi: In an soke maka kwangila, kwanaki ake ƙirgawa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan 'yan kwangilar Garwa, Marwa da Ngaundere ne, waɗanda ake soke wa aikin gwamnati, su yi ta sintiri a ofisoshi har lokacin ƙara ya wuce. Da yawansu suna da gaskiya, jinkiri da rashin takarda ne ke kayar da su.

Sokewa iri biyu ce a dokar kwangiloli ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 20 ga Yuni, 2018. Ta farko tun ana neman masu aiki. Kafin a buɗe ambulan ɗin da masu neman aikin suka kai, magajin gari ko gwamna na iya janye tallar, ba wanda zai ce masa don me. Amma da zarar an buɗe, sai da amincewar ma'aikatar kwangiloli, wato MINMAP. Saboda haka abin da za ka fara nema shi ne takardar amincewar nan. In kuma sakamako ne ya fito kana ganin an zalunce ka, kwanakin aiki 5 kacal gare ka ka kai kuka ga kwamitin duba ƙorafi na ARMP, hukumar da ke sa ido kan kwangilolin gwamnati.

Ta biyu ita ce mai ciwo, a soke bayan ka sauke siminti da rodi, ka haƙa tushe. Mu ɗauki ginin ajujuwa na sefa miliyan 40. In wa'adi ya cika ba ka gama ba, tarar kowace rana kashi 1 ce cikin 2,000, wato sefa 20,000, har kwana 30. Daga nan ta ninka zuwa 40,000. A rana ta 115 ta kai miliyan 4, kashi 10 cikin 100 ke nan, kuma a nan ƙofar sokewa ke buɗewa. Wanda aka soke wa bisa laifinsa, kuɗin jinginar da bankinsa ya tsaya masa, tsakanin kashi 2 zuwa 5 cikin 100, suna cikin haɗari, sannan shekara 2 ba shi ba neman aikin gwamnati.

To ina mafita? Doka ta ce a fara ba ka takardar gargaɗi, da wa'adin da bai gaza kwana 21 ba. Sokewar da ta tsallake wannan tana da rauni a gaban alƙali. Sai maganar damina. A watan Agusta mayo, wato rafi, ya cika, tifa ta kasa haurawa da tsakuwa, ɗan kwangila ya kira injiniya a waya, injiniya ya ce ba komai. Wannan "ba komai" ba ta shiga kotu. Ka rubuta a littafin wurin aiki, injiniya ya sa hannu, ka nemi umarnin dakatar da aiki a rubuce, kowace wasiƙa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata.

Kotun ƙararrakin gwamnati akwai ta a manyan biranen nan uku, amma ba a faɗa mata kai tsaye. Dokar 2006 ta ce sai ka fara rubuta wa wanda ya yanke hukuncin, ka nemi ya sake dubawa. In ya yi shiru wata 3, ya ƙi ke nan, kuma kwana 60 ne gare ka ka shigar da ƙara.

Su ma hukumomi muna da magana da su. Ba adalci ba ne a riƙe wa mutum kuɗin aikin da ya riga ya yi wata da watanni, sannan a ci shi tarar jinkiri. Ranar da za a soke, a je wurin tare, a auna abin da aka gina, a ƙirga buhunan da suka rage, kowa ya sa hannu, domin a kan wannan lissafi ne sabon ɗan kwangila zai ɗora, ɗalibai su bar zaman rumfar zana.