Wutar gawayi a bakin Tekun Tibariya

(Lacca ce da aka yi wa masu wa'azi a Maraɗi, an rubuto ta daga rikodi.)

Ƴan'uwa, sannunku da zafi. Na baya kuna ji na? To madalla. Ku jawo bencin nan cikin inuwa, bazarar Maraɗi ba ta san fasto ba.

Abu huɗu na zo da shi game da karatun da za mu yi wa'azi a kai daga Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, zuwa Fentikos, bikin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Kwana 50 ne fa, mako bakwai cur. Abin da ke damuna, ranar Ista coci ya cika maƙil, zumuntar mata ta rera waƙa har muryoyi sun dushe, amma Lahadi mai zuwa sai mu koma wata magana daban, kamar Ubangiji ya tashi da safe ya tafi da yamma. Alhali Ayyukan Manzanni 1:3 ya ce kwana 40 ya yi yana bayyana gare su.

Na farko Toma, Yahaya sura 20. Ƴan'uwanmu Katolika kowace shekara shi suke karantawa a Lahadi ta biyu ta lokacin Ista. Roƙona ɗaya, ku daina yi wa Toma faɗa a wa'azi. Bakin da ya ce ba zai yarda Yesu ya tashi ba sai ya gani, shi ne ya ce "Ubangijina da Allahna". Na biyu hanyar Imuwasu, Luka 24, wajen kilomita 11, kusan daga nan zuwa Tsibiri. Kiliyobas da abokinsa sun tako ta da baƙin ciki, suka sake tako ta a daren nan da murna bayan Yesu ya bayyana gare su. Ku karanta da kanku, ina sauri ne in kai inda zuciyata take.

Yahaya 21. Ku buɗe. Almajirai bakwai sun kwana suna su a Tekun Tibariya, ko ɗan kifi ɗaya babu. Da asuba wani ya kira su daga gaci ya ce su jefa taru dama. Kifi 153, manya, taru bai yage ba. Nan yawancinmu muke tsayawa, muna ta lissafin 153. Ni aya ta 9 nake so ku duba. Da suka fito, me suka tarar? Wutar gawayi, da kifi a kai, da gurasa.

Gawayi, ƴan'uwa. Kalmar Helenanci da Yahaya ya sa a nan, antirakiya, sau biyu kaɗai ta fito a Sabon Alkawari duka. Ɗayan wurin ina ne? Yahaya 18:18, farfajiyar babban firist, daren da aka kama Yesu. Ana sanyi, bayi da dogarai sun hura gawayi, Bitrus na tsaye cikinsu yana jin ɗumi. A gidan nan ya ce bai san shi ba, har sau uku, zakara ya yi cara.

Kun san halin ƙanshi. Ni har yau in na bi ta gaban fada da sassafe, samari na fifita murhun shayi, hayaƙin ya bugi hancina, mahaifina nake gani zaune kan tabarma da maficinsa, ga ƴar buta na tafasa. Shekaru sun wuce, amma hanci bai manta ba. To ku tuna da Bitrus. Ya faɗa ruwa, ya fito jiƙe sharkaf, abin da ya fara tarbarsa shi ne warin daren da ya fi kowane dare ɗaci a rayuwarsa. Ni na gaskata da gangan Ubangiji ya hura wutar nan. Da gangan.

Sai me ya ce? "Zauna mu yi shari'a"? A'a. Ya ce su zo su karya kumallo. Mutum ya kwana cikin ruwa da yunwa, ga kunya, aka fara ba shi abinci. Mu ma ai mun sani, baƙo ko da laifi ya zo, sai ya sha ruwa ake tambayarsa labari. Bayan sun ci, a lura, bayan sun ci, sannan ya ce, Siman ɗan Yahaya, kana ƙaunata? Da sunansa na gida ya kira shi. Sau uku ya tambaya, daidai da musun nan uku, a ta ukun Bitrus ya ji zafi. Kuma kowace amsa da aikinta: ka yi kiwon tumakina. Duk wanda ya taɓa ba Bafulatani amanar dabbobinsa ya san ba a miƙa wa kowa garke.

Na nawa muke? Na uku? To na biyar… a'a, na huɗu. Makiyayi Mai Kyau, Yahaya 10, Lahadi ta huɗu. Sai surori 14 zuwa 17, itacen inabi, alkawarin Mai Taimako, wato Ruhu Mai Tsarki, addu'ar Yesu, su za su kai ku Fentikos. Mama, na ga hannunki tun ɗazu.

(Wata dattijuwa ta ce: Baba Fasto, wanda tsoro ya sa ya bar zuwa coci, har ya ce shi ba Kirista ba ne, in ya dawo, a maida masa aikinsa?)

Mama, kin taɓo wurin. Akwai irinsu a garuruwanmu, wani matsin dangi, wani neman aure, wani kasuwa. Abin da muka saba, mu zaunar da shi bencin baya, kowa na kallonsa ta wutsiyar ido. Ban ce dattawan ikilisiya su rufe ido ba. Yesu ma ya yi tambaya, tambayar kuwa ta yi zafi. Amma ki dubi yadda ya jera abin: abinci, tambaya, sannan aiki. Kuma kafin Fentikos ta wuce, Bitrus ɗin nan ne ya miƙe a Urushalima ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma. Mutumin da kike nufi, akwai wanda ya je gidansa tun da ya dawo? Babu? To in an tashi ki tsaya mu yi magana, gobe da safe mu je tare. Ki dama kunu, ni zan sayo ƙosai.