Ruwan kogi ba ya cikin littafin akanta

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran manyan baƙi, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin lissafin kamfani zai ga kuɗin haya, albashi, kuɗin wuta, bashin banki. Ba zai ga ruwan kogi ba, ba zai ga ƙudan zuman da ke yi wa gona barbara ba. Kyauta ake samun su, shi ya sa akanta ba ya rubuta su. Sai ranar da suka yanke ake gane ashe da su ake cin riba.

A 2018 fari ya sa kogin Rhine ya janye a Jamus. Kamfanin sinadarai na BASF yana da babbar masana'anta a bakin kogin, a Ludwigshafen, kuma ta jirgin ruwa yake shigo da kayan aiki masu yawa. Jirage suka kasa ɗaukar cikakken lodi, aka rage aiki, kamfanin da bakinsa ya ce abin ya ci masa kusan yuro miliyan 250. Ba gobara aka yi ba, ba sata ba. Ruwa ne kawai ya ragu.

Mashigar Panama ma, wato hanyar jiragen ruwa da aka haƙa don haɗa tekun Atlantika da na Pasifik, da ruwan sama take aiki, abin da da yawa ba su sani ba. Duk jirgi ɗaya da ya ratsa ta, kusan lita miliyan 200 na ruwan daɗi ake saki zuwa teku, daga tafkin Gatun. Da damina ta gaza a 2023, aka rage jiragen da ke wucewa daga wajen 36 a rana zuwa ashirin da 'yan kai. Har gwanjon layi aka riƙa yi, wasu suka biya miliyoyin daloli don su wuce.

To, ina ruwan mai hannun jari da ke zaune a ofis? Idan ribar kamfani ta faɗi, rabonsa ya faɗi, bankin da ya ba da rance kuma ya fara zullumi. A 2020 babban bankin Holan ya bincika, ya gano kashi 36 cikin 100 na jarin cibiyoyin kuɗin ƙasar da ya duba, wato yuro biliyan 510, yana hannun kamfanonin da suka dogara sosai da irin waɗannan kyaututtuka na muhalli.

Akwai kuma haɗarin doka. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigo da koko, kofi, manja da waken soya da aka sare daji don noma su, ko da yake an ɗage fara aiki da ita.

A Satumbar 2023 kwamitin TNFD, wani kwamitin ƙasa da ƙasa kan haɗarin kuɗi da ya shafi muhalli, ya fitar da tsarin da kamfanoni za su bi su bayyana irin wannan haɗari. Ba dole ba ne, ganin dama ne. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne matakin farko: ina ne? Wane kogi, wane daji? A nan kamfanoni da yawa ke cijewa, don sun san dillalin da ya kawo musu kaya, amma gonar da dillalin ya saro, sai dai su ce za su bincika.