Shotstop a Fantasin Besbol: A Ɗauka Da Wuri Ko A Jira?

Masu kallo, duk wanda ya taɓa buga FPL, wato fantasin Firimiyar Ingila inda kake haɗa tawaga da 'yan wasa na gaske kana samun maki da abin da suka yi a fili, ya san mutum dubu na iya saka Haaland a tawagarsu a mako guda. A fantasin besbol na Amurka ba haka ake yi ba. Bi da bi ake zaɓe, ɗan wasan da aka riga ku ɗauka kuwa ya tafi ke nan. Yau kan shotstop za mu tsaya, wato mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku.

A da, gurbin nan na masu zafin nama ne, ba na masu ƙarfin bugu ba. Ozzie Smith, wanda ya yi suna a St. Louis Cardinals, ya shafe kaka 19 yana wasa, homron (bugun da ke ba mai bugu damar zagaye duka tashoshi ya dawo gida) 28 kacal ya buga. Daga nan tsofaffin hannu suka samo ƙa'idarsu ta a kama shotstop da wuri, tunda masu bugun kirki ba su da yawa.

To ku dubi 2024. Bobby Witt Jr. na Kansas City ya buga homron 32, ya saci tasha (wato ya ruga tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba) sau 31, kuma ya fi kowa matsakaicin bugu (kason damarsa da ya yi bugu mai nasara) da .332. Gunnar Henderson na Baltimore ya buga 37, Francisco Lindor na Mets 33. Ina ƙarancin yake?

Abin da za ku riƙe shi ne, a yawancin gasa ba a ba da maki don tsaro. Abubuwa biyar ake ƙirga wa mai bugu: homron, satar tasha, matsakaicin bugu, sau nawa ya dawo gida, da abokan wasa nawa ya shigar. Iya cafe ƙwallo amfaninsa ɗaya ne, koci ba zai ajiye shi a benci ba.

Sata ma ta yi araha tun 2023, da MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta faɗaɗa tashoshi daga inci 15 zuwa 18, ta kuma taƙaita yawan jifan da ake yi don kama mai shirin gudu. Elly De La Cruz na Cincinnati ya saci 67 a 2024, amma sau 218 mai jifa ya fitar da shi. In gasarku na zabge maki kan wannan, farashinsa ya sauka. Corey Seager na Texas kuwa akasinsa ne: homron 33 a wasa 119 cikin 162 a 2023, ga yawan rauni, sata kuma kusan babu.

Ni dai a ganina, in zaɓen farko ya faɗo muku, ku ɗauki Witt don ya cike abubuwa biyar ɗin nan, ba don sunan gurbinsa ba. In ya kuɓuce, kada ku yi ribibi. Ku tara masu jifa da masu bugu, a zagayen tsakiya za ku tarar da shotstop na jira.

Kafin ranar zaɓe, ku karanta dokar dandalinku kan wasa nawa ɗan wasa zai buga a gurbi kafin ya cancanci a saka shi a wurin, don Yahoo da ESPN ba ƙirge ɗaya suke yi ba. Mookie Betts na Dodgers ya koma shotstop a 2024, irinsa kuwa mai gurbi biyu ko uku shi ke toshe muku giɓi ranar da wani ya ji rauni.