Rijiyar da ba ta kawo mai amma ita ke riƙe da filin

Assalamu alaikum, ɗalibai barkanku da zuwa. Yau maganar rijiyar tura ruwa zamu yi, wadda a gaskiya ba a cika kula da ita ba, kowa idonsa na kan rijiyar da ke fitar da ɗanyen mai tunda nan kuɗin yake. Toh amma duk gangar da ka zuƙo daga ƙarƙashin ƙasa ka bar gurbi, matsin da ke ingizo man sama ya ragu, in baka mayar da wani abu cikin gurbin nan ba wata rana man zai daina tasowa alhali yana nan jibge a cikin dutse. Shi yasa ake son abinda aka tura ya yi kusan daidai da abinda aka cire.

Ku duba filin mai na Ekofisk a Tekun Arewa, ɓangaren ƙasar Nowe, an fara haƙo mai a 1971, zuwa 1984 aka gano ƙasan tekun na lotsawa saboda matsi ya sauka dutsen allin da man ke ciki ya matse, sai da aka ɗaga dandamalin aikin da mita 6 a 1987, a shekarar ne kuma aka soma tura ruwa. Filin Bonga namu na Najeriya da ya fara aiki a 2005 tun daga farko da tura ruwa aka tsara shi.

Yanzu ya ake gane lafiyar rijiyar? Abu biyu zaka sa wa ido tare, kar ka raba su, wato matsi da kuma yawan ruwan da ke shiga kullum. Akwai jadawalin Hall, tun 1963 ake aiki da shi, ka tara matsin kowace rana a gefen tsaye, jimillar ruwan da ya shiga a gefen kwance, ka ja layi. In layin ya tafi sak, lafiya lau. In ya fara miƙewa sama toh rijiyar na toshewa, famfo na wahala ruwa kaɗan ke wucewa, kuma yawanci laifin ruwan ne, ko filta ta bar laka ta wuce, ko ba a cire iskar oksijin ba bututu ya yi tsatsa, ko ruwan teku mai salfet ya gamu da ruwan ƙasa mai bariyom suka yi dasƙararren gishiri wanda ko asid ba ya narkar da shi cikin sauƙi. Ga kuma bakteriya masu haifar da iskar H2S ɗinnan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe mutum.

Amma wanda ya fi damuna shine in layin ya kwanta. Matsi ya sauka, ruwa na ta shiga, sabon injiniya sai murna wai rijiya ta buɗe. Sau da yawa dutsen ne ya tsage, ko simintin bayan bututu ya ɓalle ruwan ya bi wani gun daban. Kamar mai ban ruwa ne a lambu, fangali ɗaya ya sha har ya yi ambaliya sauran suna bushe. Ruwan zai bi tsagin nan ya ɓullo a rijiyar mai, ya bar man a baya, ka koma kana biyan kuɗin tura ruwa kana kuma biyan kuɗin raba shi da mai.

Don haka tun kafin a kai nan ake gwajin hawa-hawa, a ƙara ruwan kaɗan kaɗan ana rubuta matsi har a ga inda dutsen ya fara tsagewa, sai a tsaya ƙasa da nan. Lokaci-lokaci kuma a rufe rijiyar a bi yadda matsi ke sauka, wannan ke nuna ko toshewar a bakin rijiya take. In ana son sanin ina ruwan ke zuwa sai a zuba masa sinadarin shaida, a riƙa ɗibar samfur a rijiyoyin mai na kewaye, wadda ya riga ɓullowa cikinta da wuri ita ce ke shan ruwan, daga nan a yanke shawara ko a rage mata ko a toshe layin dutsen da ke satar ruwan.